Jagorar Sayen Mota Ta Hannu Mai Kujera Biyu Da Rufin Naɗewa A Damagaram

Ƙananan motocin nan masu kujera biyu da ake naɗe rufinsu an ƙera su ne domin ƙasashen sanyi, inda mutane ke ɗokin fitowar rana. A Damagaram lissafin daban ne. Watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙurar da ba ta barin ko'ina, damina kuma ta sauke ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Roba, yadi, leda da tiyo su ne rabin lafiyar irin wannan mota, kuma su ne abin da rana da ƙura suka fi ci. Ban ce kada a saya ba. Wanda ya taɓa fita da ita bayan la'asar a watan Disamba, rufi a naɗe, ya miƙi hanyar Mirya, ya san abin da ya biya kuɗi a kai. Abin da nake so shi ne mai saye ya san abin da zai duba da kuma wanda zai fara da shi, domin ƙyallin fenti shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: duba gidanka da hanyarka kafin ka duba mota

Wannan mota ta biyu ce. Idan ita kaɗai za ka mallaka, kuma kana da iyali da zirga-zirgar ƙauye, haƙura ka sayi wata. Ba ta ɗaukar mutum na uku, but ɗinta kuma jaka biyu ƙanana ne suka cika shi.

Yawancinsu tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai santimita 15 ba. Fita ka bi hanyar da kake bi kullum da ƙafa, daga ƙofar gida zuwa kwalta. Akwai yashi mai zurfi a lungun? Akwai kwatar da ruwan damina ya zaizaye? Dakalin shiga garejinka yana da tudu? Wanda ke cikin lungunan Birni ko can ƙasan Zango ya fi kowa bukatar wannan awo. Sannan inuwa: in ba ka da rumfa ko gareji, gina shi tukuna. Rufin yadi da ke wuni a rana kullum ba ya daɗewa, haka fatar kujeru da saman dashbod.

A kuɗi kuma, shawarata ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke hannunka, kada ya shiga ciniki. Na taya ne, da batir, da gyaran farko, da takardu.

Mataki na biyu: zaɓi wadda take da dangi a gari

Nan ne mutane suka fi yin asara. Motar da injinta bai da ƴan'uwa a garejojin garin nan, ranar da ƙaramin abu ya lalace sai ta yi wata da watanni a kan duwatsu ana jiran saƙo. Don haka tambayar farko ba "wacce ta fi gudu" ba ce, a'a, "injin wace mota ce a cikinta, kuma bakanikena ya taɓa buɗe irinsa?"

Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata, ita zan fara ambata. Ta fito a 1989, kuma a 2016 adadin da aka ƙera ya kai miliyan ɗaya, abin da ya sa kayanta ba sa yankewa a duniya. Samfurin farko, na 1989 zuwa 1997, shi ne mai fitilun da ke ɗagowa. Ya tsufa, kuma tagar bayansa ta leda ce da rana ke mayarwa rawaya ta tsage. Na biyu, 1998 zuwa 2005, tagarsa gilashi ce. Waɗannan biyun bel ne ke juya taimin ɗinsu, ana sauya shi wajen kowane kilomita 100,000. Na uku, 2005 zuwa 2015, sarƙa gare shi, injinsa mai lita 1.8 ko 2.0 kuma gida ɗaya ne da na Mazda 3 da Mazda 6. Babban alherin MX-5 shi ne rufin yadinta da hannu ake naɗe shi: ka saki maƙulli, ka tura baya, shi ke nan. Babu famfo, babu mai, babu waya. A garin da ƙura ke shiga kowace kafa, abin da ba shi da inji ba ya lalacewa. In ka tambaye ni, samfuri na uku mai giyar hannu shi ne zaɓin da ya fi dacewa da mu.

Toyota MR2 Spyder, ta 1999 zuwa 2007, tana ɗauke da inji mai lita 1.8 da ake kira 1ZZ, irin na Corolla, kuma babu bakaniken da bai san shi ba. Sai dai injin a bayan kujeru yake, lagireto kuma a gaba, dogayen bututun ruwa sun bi ta ƙarƙashin mota. Wanda bai iya fitar da iska daga cikinsu ba bayan sauya ruwa zai dafa maka inji. Na kafin 2003 an san su da shan baƙin mai. Wurin kaya kusan babu. Nemi mai kuloci na ƙafa, ka kauce wa mai giyar nan da na'ura ke taka mata kuloci, don gyaranta sai ƙwararre.

Mercedes SLK ita ce ta fi ɗaukar ido wajen biki, kuma tana da abin da ya dace da ƙasarmu: rufinta na ƙarfe ne, in an rufe ta zama kamar kowace mota, sanyin kilim, wato na'urar sanyaya mota, ya zauna, ɓarawo bai yanka da reza ba. Ta farko, 1996 zuwa 2004, injinta mai silinda huɗu ɗaya ne da na C-Class ta zamaninta, kuma yana da juriya. Ta biyu, 2004 zuwa 2011, ta fi kyau da daɗin zama, amma a mai silinda huɗun ka saurari ƙarar sarƙar taimin lokacin tashin farko da safe. Kuɗin da SLK ke ci a rufin yake: famfon mai ne ke tura sanduna da yawa, robobinsu kuma suna bushewa da tsufa da zafi.

BMW Z3, 1995 zuwa 2002, dangin 3 Series ce ta wancan lokaci, kayanta ana samu. Raunin BMW na shekarun nan shi ne sassan ruwan sanyaya inji da aka yi da roba mai tauri: tankin ruwa, wuyan lagireto, wani sa'in har fankar cikin famfon ruwa. A zafinmu sukan fashe ba sallama. Z4 ta farko, 2002 zuwa 2008, tana da ciwo biyu sanannu: injin rufinta yana zaune a wani rami da ruwa ke taruwa in magudanarsa ta toshe, sitiyarinta mai lantarki kuma yakan riƙe idan mota ta sha rana. Wannan na biyun ba abin wasa ba ne a garin da rana ke kwana a jikin ƙarfe.

Porsche Boxster da Honda S2000 motoci ne na gaske, amma ba zan ba wa mai sayen farko shawararsu a nan ba. Kayansu da hannun da ya iya su duk nesa suke. Peugeot 206 CC kuwa, da ake yawan gani, tana da ƴan kujerun baya, ba motar gudu ba ce, sai dai ga mai son buɗaɗɗen sama da kuɗi kaɗan tana da dangi ko'ina.

Kowacce ka zaɓa, sitiyari ya kasance a hagu. Mai sitiyarin dama daga Ingila ko Japan takan yi araha, amma a mota mai ƙasa-ƙasa haka, wuce babbar mota a hanyar Takeita ba tare da ganin gaba ba kasada ce da rai.

Mataki na uku: daga ina, kuma da waɗanne takardu

Da wuya ka sami zaɓi a cikin gari. Ko dai Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, ko Kano ta Matamaye ko Magarya, ko kuma ka ba da saƙo a tashar jiragen ruwa. A da Kwatano ce hanya. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru. Sanya wannan a lissafi. Kada ka biya kuɗin mota a kan hoton WhatsApp. In ba za ka iya zuwa ba, aika bakaniken da kai ka ɗauki nauyin tafiyarsa, ba wanda dillali ya kawo ba.

Motocin da aka ƙera wa kasuwar Turai da Amurka suna da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Karanta ta da idonka a jikin ƙarfen motar, da ƙasan gilashin gaba in akwai, da jikin ginshiƙin ƙofa, ka gwama da ta takarda harafi bayan harafi. In ka ga alamar walda, gugar dutse ko sabon fenti kewaye da lambar, ka yi sallama ka tafi. Motar da ta fito daga Amurka ana iya neman tarihinta ta intanet da wannan lamba, a wurare irin su Carfax, kuma ya kamata a nema, domin da yawa daga cikin masu zuwa Afirka ta Yamma kamfanonin inshora ne suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya. Ka tuna kuma agogonsu mil yake ƙirgawa: mil 100,000 ya kai wajen kilomita 160,000.

Mai lambar Nijar, ka ga kart giriz, wato katin mallakar mota, na asali da sunan mai sayarwa ko wakilci a rubuce, da shaidar biyan duwan (kwastan), da asirans (inshora), da binyet (harajin mota), da takardar duba lafiyar mota. Mai lambar Najeriya ko wata ƙasa kuwa, takardar shiga ta ɗan lokaci ba biyan duwan ba ce. Je ofishin duwan da kanka, da lambar shasi da shekarar motar, ka ji abin da za ka biya kafin ka taya. Sau da yawa arahar da ta ja ka a nan take ƙarewa.

Mataki na huɗu: rufi

Ba wa rufin lokaci fiye da kowane sashe. Je da rana tsaka. Shiga ciki, a rufe, ka ɗaga kai: duk inda haske ya ɓullo, ruwa da ƙura za su bi. Shafa yadin ta waje a wuraren da yake lanƙwashewa, ka ja bakin ɗinki da yatsa a hankali ka ga ko zaren ya ruɓe. Matsa robobin da ke zagaye da gilashin ƙofa da saman gilashin gaba. Mai rai tana lotsawa ta dawo, matacciya tana da tauri da tsaga.

In na lantarki ne, a buɗe a rufe sau uku a jere, inji na aiki, mota a fili madaidaici. Kunnenka a kan famfo, idonka a kan ɓangarorin biyu: su tashi tare, su sauka tare, ba tsayawa a tsakiya. Mai SLK ya sani cewa akwai wani labule a cikin but da sai an ja shi rufin ke motsawa, don haka in bai motsa ba a fara duba wannan. Bayan gwajin, shafa farin ƙyalle a silin ɗin sama da gilashin gaba da kusurwoyin but. Danshin mai a ƙyallen yana nufin sandunan sun fara yoyo. Za ka ji an ce maka, "Alhaji, ai fis ne kawai, jika biyu ta gyara shi." Amsarka ita ce, "To madalla, Malam, a sa fis ɗin yanzu mu gani." Rufin da bai buɗe a gabanka ba, ɗauke shi a matsayin matacce, ka yi tayi a kan haka ko ka bar motar.

Sai gwajin ruwa. Sayi jarka biyu wajen mai ga-ruwa. Kai ka zauna ciki, yaro ya riƙa kwarara ruwan a hankali a kan rufi, da gefen gilasai, da tagar baya. Duba kusurwar da ƙofa ta haɗu da gilashin gaba, nan ɗigo ke farawa. Daga nan a naɗe rufi rabi, a zuba kofi ɗaya a ramin da ke bayan kujeru ta kowane gefe. Ruwan ya kamata ya zubo ƙasa kusa da tayar baya nan take. In ya tsaya, magudanar ta toshe, kuma wataƙila ta daɗe a toshe. Cusa hannu ƙarƙashin kafet bayan kujera, ka danna soson, ka shinshina.

Masu ɗinkin kujerar mota a garin nan suna iya faci da sake ɗinki, kuma hannun Damagaram a aikin fata sananne ne, kujeru ba matsala ba ne. Amma sabon rufi dungum gara a yi odar wanda aka yanka daidai da samfurin; na tamfol da aka auna da ido yakan yi kumburi da ƙugi a kan hanya.

Mataki na biyar: jiki da ƙarƙashi

Mota mara kafaffen rufi ƙarfinta a ƙasa yake, a dogayen ƙarafunan da ke ƙarƙashin ƙofofi. A Turai da arewacin Amurka ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin ke cin waɗannan wurare daga ciki. Busasshiyar iskarmu tana rage saurin tsatsa, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi. A hau da motar kan rami. Ƙwanƙwasa da bayan sukundireba gaban tayoyin baya da ƙarafunan da ke riƙe da inji. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa, ruɓaɓɓe yana yin shiru ko ya zubo da gari. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashi abin tambaya ne. A Z3 ɗaga shimfiɗar but ka duba ko ƙasan ya tsage.

Maganaɗisu a cikin ƙyalle yana nuna inda aka cika da ƙullun faci, sai dai ka sani murfin injin MX-5 na alminiyam ne, ba ya kamawa ko lafiya lau yake. Motar ambaliya kuwa tana tona kanta a wuraren da mai wanki bai kai ba: jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, leƙa ƙarafunan ƙarƙashin kujera, buɗe akwatin fis ka nemi kore-kore a bakin wayoyi. Wannan ba a tayawa ko nawa ne. Tun kana cikin ramin, duba salansa ko an yanke tukunyar tace hayaƙi an yi walda.

Mataki na shida: inji da zafi

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin da hannu ka tabbatar da sanyi yake. Murɗa makulli rabi: fitilar inji da ta jakar iska su kama, bayan tashi su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ta aka yi. Buɗe murfin baƙin mai. Abu fari-fari mai kauri a jikinsa alama ce ruwa na haɗuwa da mai. Shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa. Na'urar karanta kwamfutar mota ba ta da tsada, tana shiga motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001. A jona ta.

Gwajin da ya fi muhimmanci a ƙasarmu shi ne wannan: bar ta a tsaye cikin rana, kilim a kunne, minti 20. Allurar zafi ta hau tsakiya ta tsaya cak, fanka ta riƙa kamawa tana saki da kanta. In fankar ta tashi tun daga murɗa makulli ba ta tsayawa ko kilim a kashe, wataƙila an haɗa ta kai tsaye. In allurar ba ta kai tsakiya ko bayan tafiya, wataƙila an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji. Bakanikai da yawa suna yin haka da kyakkyawar niyya, suna cewa ƙasar zafi ce. Ni ina ganin yawanci rufe ciwo ne: lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, aka bi ta gajeriyar hanya. Leƙa tankin ruwan ma, da injin ya huce. Ruwa mai launi da tsabta shaida ce ta kulawa, jan ruwa mai tsatsa kuma na rijiya ne aka daɗe ana ɗurawa.

Mataki na bakwai: tuƙi

Rabin tafiyar rufi a rufe, rediyo a kashe, don ka ji ƙara. Rabi a buɗe. Bi kwalta mai kyau har ka kai giya ta ƙarshe, sannan ka nemi wuri mai gargada. Ɗan kaɗawar gilashin gaba a kan gargada ɗabi'ar waɗannan motoci ce, amma ƙofar da ke bugawa ko sitiyarin da ke ja gefe guda yana nuna tsohon haɗari. A giya ta huɗu da ƙaramin gudu taka totur sosai: in ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Taka birki da ƙarfi sau ɗaya a wurin da ba kowa.

Karanta shekarun taya a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko zanenta bai goge ba, ba ta da aminci a kwaltar watan Mayu. Tambayi kuma ko akwai safaya, domin Z4 da MX-5 ta uku ba sa zuwa da ita, hanyoyinmu kuma akwai ƙaya da nisa tsakanin masu faci.

Mataki na takwas: ciniki da makon farko

Rubuta duk abin da ka gano, ka kira mai sayar da kaya a nan ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka ji farashin kowanne, ka cire jimillar daga kuɗin da aka sa. Tayin da ke da takarda a bayansa ya fi wuyar a ce masa albarka. A yanke la'adar dillali da wanda zai biya ta tun kafin a sallama. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ƴan sanda sun duba lambar shasi sun tabbatar ba ta sata ba ce. A rubuta takardar sayarwa da shaidu biyu, a kai a buga mata hatimin hukuma, ka karɓi makulli biyu, ka fara sauya suna a kart giriz ba tare da jinkiri ba.

Da ta shigo gida, kada ka yarda da abin da aka ce an yi mata. A juye baƙin mai da matatarsa, a sauya matatar iska, man birki, da ruwan lagireto da na gwangwani na ainihi. In mai bel ɗin taimin ce kuma babu shaidar ranar da aka sauya shi, a sauya tare da famfon ruwa. A BMW, tankin ruwa da tiyo su tafi ko ba su fashe ba tukuna. Sha mai a gidan mai. Matatar man fetur ta SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, babu dalilin ɗura wa injin motarka man kwalba na ƴan ruwa-ruwa da ba ka san abin da aka gauraya ba. Shafa wa robobin rufi man silikon, ba baƙin mai ko gas ba, don waɗannan cinye roba suke. Kada ka naɗe rufi yana jiƙe ko yana da yashi a kai, a kakkaɓe shi da burushi mai laushi tukuna. Ranar rakiyar ango kuma, komai roƙon abokai, kada kowa ya zauna a kan but ko bayan kujeru. Bel ɗin kujera biyu ne a motar, mutum biyu take ɗauka. Lokacin hunturu a riƙa busa matatar iska duk mako biyu, kafin ruwan farko na watan Yuni kuma a zura siririyar waya mai laushi a magudanan rufi a tabbatar sun buɗe.